Tarin Baba da akwatin da ya ba ni mamaki

Wata biyu Baba yana tari, mu kuwa muna ta ɗora wa hunturun Damagaram laifi. Zuma, citta, kanumfari, babu abin da Inna ba ta dafa ba. Da ya fara zufar dare yana ramewa, sai na ce a'a, asibiti za mu.

Aka karɓi kakinsa, aka zuba a wani ɗan gwangwanin roba, aka saka a na'ura mai kama da akwati, wai GeneXpert. Ni dai a raina na ce sai wani sati. Ashe aikin awa 2 ne! Lokotoro ya ce ƙwayar halittar cutar tarin fuka take nema kai tsaye, har ta nuna ko maganin rifampisin zai ci ta. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ni kuwa sai jiya na san da zamanta.

Tarin fuka ne. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, akwatin ya fi ku gaskiya."

Magani wata 6, babu tsallake rana. Yau da asuba ya sha na farko, yana ta mitar girman ƙwayar. Ku sa shi a addu'a.