Yadda sugana ya sauko daga 400 da ɗoriya

A layinmu na kasuwar Kantin Kwari kusan kullum sai an samu mai tare ni, "Alhaji wai me ka sha ne sugan ya sauka?" Kowa jira yake ince ga sunan ganyen, ko in ba shi lambar wani mai magani. Wallahi babu wani ganye, in kuma na fara bayani sai inga fuskar mutum ta canza, dan abinda zan faɗa ba shi yake son ji ba. To bari in rubuta shi gaba ɗaya, mai so ya ɗauka.

Da ƙishirwa abin ya fara min. Sai in shanye fiya wata leda uku a tsaye amma maƙogwaro a bushe, da daddare kuma ba barci sai zaryar banɗaki, wanduna suka fara yi min yawa, ido ya koma dishi-dishi har lissafin yadi a waya sai na ƙanƙance ido. Uwargida ce ta lura tururuwa na taruwa a inda nake fitsari, tace "Abban yara wannan fa ba zafin gari bane, kaje a gwada ka." A kemis aka tsikari yatsana, na'ura ta nuna 400 da wani abu, yaron kemis ɗin yace Alhaji daga nan asibiti zaka wuce, kar ma ka koma shago.

Likitan ya zaunar da ni yayi min lissafin. Mai lafiya in aka gwada shi da safe kafin ya ci komai, tsakanin 70 zuwa 99 ake gani, in ya kai 126 zuwa sama kuma aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon suga ne. Wasu na'urorin da ƙananan lambobi suke nunawa, irin su 7 ko 11, wannan sai ka ninka da 18, wato 7 ɗin ita ce 126, dan na taɓa ganin wanda yake murna wai nasa 15 ne kawai alhali 270 kenan. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wajen wata uku, daga 6.5 ciwo ne, nawa ya haura 12. Nan take aka ɗora ni kan allurar insulin da ƙwayar metformin. Wannan wajen nake so a ji da kyau, mai 400 ba gida zai koma ya ce zai gyara da zogale ba, suga in ya kai haka yana iya kai mutum ga suma. Ko motsa jikin ma cewa yayi in dakata tukun, dan in suga ya wuce 250 kuma akwai abin da suke kira kiton a fitsari, wahalar da jiki ƙara dagula abin take yi.

Abu na farko da na sallama shi ne abin sha, kuma gaskiya shi ya fi komai saurin nuna bambanci. Lemon kwalba ɗaya mai 35cl akwai suga wajen cokalin shayi 9 a ciki, ni kuwa da rana tsaka in ba biyu ba uku. Ga shayin mai shayi da safe, madara rabin gwangwani, suga cokali huɗu, a haɗa da burodi. Ga malt ɗin da mutanenmu suke ɗauka abin ƙarin jini ne har ake kai wa mara lafiya, shi ma suga ne zalla. Zoɓo da kunun aya na saidawa duk sai da na ajiye, yanzu a gida ake min zoɓo da citta da kanumfari ba suga, farko ɗaci-ɗaci nake ji, daga baya harshe ya saba.

Sai maganar tuwo, a nan ne rigima take. Duk wanda yaji kana da suga zai ce maka ka koma alkama da acca, shikenan ka huta. Haka muka yi, aka niƙo alkama, uwargida ta tuƙa malmala biyu manya. Likita dama yace in riƙa gwadawa awa biyu bayan cin abinci, ana so kar ya wuce 180. Na gwada, 290. Washegari aka yi tuwon masarar da kowa ke ci a gidan, na ci rabin malmala da miyar kuka mai yawa da kifi, awa biyu na gwada, bai kai 200 ba. Ashe alkama, acca, masara, shinkafa, doya, rogo, duk sitaci ne, in sun shiga ciki suga suke komawa, akwai ɗan bambanci a tsakaninsu amma yawan da ka loda shi ne babbar maganar. Na'urar nan ba ta san kara ba, ba ruwanta da wai abincin masu suga ne ka ci.

Daga nan na maida gwajin ya zama malamina. Koko ya ban mamaki, ko ba suga yana harba shi sama da sauri, dan gasara ce lukui a ruwa, ciki bai da wani aikin da zai yi a kanta. Fura ma haka, sai dai in nonon ya fi yawa furar 'yar kaɗan. Wake kuwa, alale, dafaffen ƙwai, gyaɗa, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, waɗannan a hankali suke tafiya kuma suna riƙe ciki. Yanzu farantina rabi ganye ne, kabeji, latas, kokwamba, alayyahu, duk abinda aka samu a kasuwa, kwata nama ko kifi ko wake, ragowar kwatan ne na tuwo ko shinkafa. Kuma ganyen nake fara ci. Zuma na gwada ta, tana ɗagawa, dabino kuma ɗaya ko biyu nake tsayawa.

Da sugan ya ɗan lafa likita ya ban izinin tafiya. Ba wani gidan motsa jiki na shiga ba, ƙafata ce kawai. Yace minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda zaka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Ni na fi ganin amfanin ta bayan abincin dare, ina idar da isha'i sai in zaga unguwa maimakon zaman majalisa, dan tsoka in tana aiki da kanta take zuƙe suga daga jini. Ranar da na taka da ranar da na ci na kwanta, lambar safe ba ɗaya ba ce, ko kusa. Da safe kuma in na hau adaidaita sai in sauka tun kafin a iso kasuwa in ƙarasa a ƙafa. Takalmi rufaffe da safa nake sawa ba silifas ba, in na dawo in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, dan suga yana kashe jijiyar ji, ƙaya ko ƙusa ta soke ka baka sani ba sai ya zama gyambo.

Wata rana ina cikin tafiyar sai jiki ya hau rawa, gumi ya keto, wata irin yunwa da jiri. Na gwada, 60 da wani abu. Wannan shi ne faɗuwar suga, ƙasa da 70, kuma mai allura ko wasu ƙwayoyin ya fi shiga haɗarinsa in ya rage ci ya ƙara motsi. Rabin kwalbar lemo na sha ya dawo daidai. Da na faɗa wa likita sai ya rage min allurar, tun daga ranar aljihuna baya rabuwa da alawa.

Abinda ya fi wuya ba yunwa bace, mutane ne. Ɗaurin aure, suna, walima, a tura maka shinkafa da lemo, in ka ƙi ace girman kai. Hajiyarmu kuwa duk zuwana sai tace "kai ɗan nan ka rame, wannan likitan naka zai kashe ka da yunwa, zauna ka ci tuwo." Sai ince to Hajiya a ƙaro min miya, in ci loma kaɗan ta ga hannuna a kwano, kowa ya huta. Wani ɗan uwa ma har jarka ya kawo min ta jiƙo, wai sati biyu suga ya tafi har abada. Na gode masa na ajiye. Shuwaka ina cinta a miya, amma ruwan da ban san me aka zuba ciki ba bazan ɗora wa ƙodata ba, ita da dama ciwon ke hari.

Da aka maimaita HbA1c bayan wata uku ya sauko 8 da 'yan kai, gwaji na gaba ya faɗo ƙasa da 7, tumbi ya ragu, ido ya washe. An cire min allura, metformin kuwa har yau ina sha, kuma ban ce na warke ba, dan bikin ƙanwata da na ɗan saki jiki kwana biyu sai ga lambar safe ta fara hawa. Sitirif ɗin gwaji, wato ɗan tsinken da ake ɗiga jini a kai, yayi tsada yanzu, shi yasa na rage, ina yi da safe wasu ranaku, sai kuma duk sanda na ci wani abu sabo. Kafin azumi ma zan koma wajen likita ya gyara min lokutan shan maganin, dan kunun buɗa baki da soye-soyen nan sai an yi musu shiri tun da wuri.