Gas ɗin tirela a ƙafar direba yake ƙarewa

Tun da litar gas, wato man dizal, ta haura naira dubu, hirar direbobi a tasha ta canza. Da can gardamar wace mota ta fi ja ake yi, DAF ko MAN ko Howo. Yanzu tambayar ita ce lita nawa ka sha daga Gombe zuwa Legas. Dama gas ba shi da tallafi tun kafin a cire na fetur a 2023, kuma a lissafe masu motoci suke ba mu shi: in ka yi rara taka ce, in ya gaza ka cika daga aljihunka. Wannan lissafin ya koya mini tuƙi fiye da zaman da na yi ina yaron mota.

In ana gudu sosai, babban ɓarawon gas iska ce. Tirelar da ta ɗauko masara daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ture iska take yi da faɗin gabanta, kuma turjiyar ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu, ita sau huɗu take ninkuwa. Shi ya sa a miƙaƙƙen titi, irin na tsakanin Alkaleri da Bauchi, mai tafiya a 60 da mai tafiya a 90 ba kuɗi ɗaya suke ƙonawa ba, ga shi a shingen gaba za su haɗu. Hukumar kiyaye haɗurra ma ba ta yarda tirela ta wuce 60 ba, ko da yake kowa ya san yadda ake yi da wannan dokar. Tamfol da aka ɗaure sakaka yana faɗa da iska, shi ma gas yake ci.

A agogon juyin inji akwai wurin da aka shafa wa kore. Nan injin yake ja sosai da gas kaɗan, nan nake ajiye allurar. In na tunkari hawan Jos ta Toro, tun daga ƙasa nake tara ƙarfi, in sauke giya kafin motar ta fara nishi, ba sai ta galabaita a tsakiyar hawa ba sannan a danne totur har ƙasa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Hayaƙin nan gas ne da bai ƙone ba.

Inda nake saɓawa da 'yan'uwana shi ne firi. Da yawa sun yarda cewa in ka zare giya a gangara ka yi tsimi. A injinan zamani masu kwamfuta akasin haka ne: in mota tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, nozul, mai fesa gas cikin inji, ba ya feso komai, nauyin lodi ne ke juya injin. In kuwa ka sa firi, dole inji ya sha gas don kada ya mutu. Sannan ka rasa riƙon inji, komai ya koma kan birki, ya yi zafi, iskar tankin birki ta ragu. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo, gangaren da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, da cikakken lodi ya ga gawarwakin motoci a gefen hanya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yarona in ya ce, “Oga, ai kowa haka yake yi,” sai in ce masa, “Kai dai bar ta a giya, ka sa ido a geji.”

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Barin mota a silo, wato tana tsaye inji na aiki, ana cin abinci ko ana jiran lodi yana lashe lita biyu zuwa uku a awa. Taya mai ƙarancin iska jan ƙafa take yi, don haka da sassafe nake sa mai faci ya gwada kafin ta yi zafi, har da na ciki waɗanda ake mantawa. Da hunturu kuwa ƙura kan toshe filtar iska da wuri. Gas ɗin jarka na bakin hanya ba na saye ko an yi mini ragi, domin in an gauraya shi da kananzir ko ruwa ya shiga, kuɗin gyaran nozul da famfo ya fi abin da aka rage maka.