Shawar waje da na manta

Shekara bakwai na yi ina aikin famfo a Zariya kafin in zo Amurka, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin bututun da ruwa ya fasa dan sanyi ba, mu matsalarmu kullum ita ce babu ruwan ma a cikin bututun. To da na samu aiki a wani gareji a jihar Minesota inda ake gyaran motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda su ke kira RV, sai na shiga da ƙafar dama ina ji da kaina, ai famfo famfo ne ko a ina yake. Na fara a watan Satumba. Kafin ƙarshen Oktoba na gane ashe almajiri ne ni.

Oktoba a wannan sana'ar kamar jajiberin salla ne a shagon tela. Kowa ya gama yawon shaƙatawa, an fara wayar gari da raɓa ta daskare a gilashin mota, sai a yi ta kawo motocin layi layi kowa yana so a cire masa ruwa kafin sanyin gaske ya sauka. Masu hali da suka yi ritaya su kan tuƙa tasu su gudu kudu, Filorida ko Arizona, sai Afrilu a gan su. Sauran kuwa motar za ta kwana a fili wata biyar ko shida, a jihar da a watan Janairu ba abin mamaki ba ne dare ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin da muka saba da shi a gida. A wani ƙaramin gari mai suna Tower a arewacin jihar an taɓa auna 60 ƙasa da sifiri a ma'aunin Amurkawa, a watan Fabrairun 1996, wato wajen 51 kenan a namu.

Abin da ke faruwa kowa ya san shi in dai ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Amma abin da ogana ya nuna min wanda ban sani ba shi ne, sau da yawa ba daidai inda ƙanƙarar take ne bututu ke fashewa ba. Ƙanƙarar tana toshe hanya ne, sai ta ci gaba da girma tana tura ragowar ruwan gaba, gaban kuma kan famfo ne a rufe, ruwan ya rasa wajen zuwa sai ya nemi inda ya fi rauni. Bututun da ake sa wa motocin yanzu na roba ne da ake kira PEX, yana ɗan miƙewa ya jure, to amma mahaɗai da bawul da kan famfo da injin tura ruwa yawanci busasshiyar roba ce, su ba sa miƙewa, tsagewa kawai suke.

Kuskurena na farko na ban dariya ne. Akwai wani ruwa da ake turawa cikin bututun bayan an cire na ciki, antifiriz na musamman mai launin ruwan hoda, yawanci galan biyu zuwa uku ya isa mota ɗaya. Ni kam na zuba galan na farko ya tafi, na biyu ya tafi, na uku ya tafi, na buɗe famfon ruwan zafi ko ɗigo babu, ina ta leƙa ƙarƙashin mota ko wani waje ne ke yoyo. Oga ya zo ya tsaya ya kalle ni kawai sai ya miƙa hannu bayan hita ya murɗa bawul. Ashe duk a tankin hita nake zubawa, shi kuwa galan 6 yake ci, wajen lita 23, manyan ma galan 10. Akwai bawul na kewaye da ake juyawa dan ruwan ya tsallake hitar, ita hitar ba ta buƙatar komai, a zare toshiyarta a bar ta ta tsiyaye shi kenan. Sai dai ita ma sai an kashe ta ta huce an kuma ɗaga bawul ɗin sama iska ta fita tukuna, in ka yi garaje toshiyar za ta taho maka da tafasasshen ruwa a ƙirji, na ga wanda hakan ta samu kuma ba kyan gani.

Af, kar in manta, wannan mai ruwan hodar daban yake da wanda ake zubawa a lagireton mota. Na lagireto guba ne, yana kashe ƙoda, yana da ɗan zaƙi-zaƙi shi ya sa karnuka ke lasa su mutu. Shi wannan an yi shi ne dan bututun ruwan sha. A jikin jarkar za ka ga an rubuta 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Amurkawa, ranar da na fara ganin ya yi kauri kamar kunu a cikin jarka tun sanyi bai kai ko kusa da haka ba sai hankalina ya tashi na ce an sayar mana jabu. Ashe haka yake, yana kama jiki amma ba ya kumbura ya fasa abu, lambar nan ta fashewa ce ba ta daskarewa ba. Kuma in ka sirka shi da ruwa dan tsimi ka ɓata shi.

Kuskurena na biyu shi ne wanda har yau in na tuna sai na ji wani iri. Wasu dattawa ne mata da miji suka kawo tasu, mutanen kirki, matar har da kawo mana biskit da ta gasa da kanta. Ranar mota ta takwas kenan a hannuna, magariba ta yi, hannuna ya ƙage dan sanyi. Na yi komai yadda aka koya min, na zubar da tankin ruwan sha da na ruwan wanke-wanke da na masai, na buɗe ƙananan magudanan ƙarƙashin mota, na cire filta, na jona kwamfuresa na hura iska da ƙarfin da bai wuce 40 a agogon kwamfuresar ba kuma da famfo ɗaya a buɗe kullum, sannan na tura antifiriz ina bin famfunan ɗaya bayan ɗaya, na sanyi sannan na zafi, sai na ga launin ya fito sosai sannan in rufe. Kicin, banɗaki, shawa, masai. Na zuba kofi guda a kowace magudana saboda gwiwar bututun nan da ke riƙe ruwa, na bar kaɗan a cikin masai dan kar robar ta bushe. Har ɗan bawul ɗin bakin da ake jona tiyo daga waje na danna sai da ya tofo. Na sa hannu a takarda na tafi gida ina ganin na yi aiki.

A gefen motar akwai wata 'yar ƙofa da ba ta fi tafin hannu biyu ba, mai makulli, a cikinta akwai shawa ta waje da suke wanke ƙafa ko kare da ita. Ban buɗe ta ba. Na san da ita wallahi, kawai dai ban zagaya wannan gefen ba. Ruwan da ya rage a wajen bai fi rabin kofin shayi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin nan shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta lokacin da ta faru. A gida in na ɗaura bututu ba daidai ba kafin in haɗa kayan aikina mai gida ya kira ni. Nan kuwa abin ya tsage wataƙila tun Disamba amma ƙanƙarar da ta fasa shi ita ce kuma ta toshe shi, shiru kake ji har wata biyar, ni har na manta da motar. Sai Afrilu da dattijon ya cika tanki ya kunna inji ya shiga gida cin abinci. Injin nan shi da ya ji ƙarfin ruwa ya ragu sai ya tashi da kansa, haka ya yi ta tura ruwa cikin bango ta tsagar da ba a gani, ya bi ƙarƙashin daɓe, katakon ya sha ya kumbura. Ɗan hakin da ka raina kenan. Kan famfon da ya tsage kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai da muka ɗaga daɓen gefe guda muka yi kwana huɗu a kai, garejin ne ya ɗauki asarar.

Oga bai yi faɗa ba, ni da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi. Takardar kawai ya ɗauko ya nuna min sa hannuna. Tsakani da Allah ita ma takardar tana da nata laifin dan jeri ɗaya ne aka buga wa kowace mota, alhali motocin ba iri ɗaya ba ne, wata tana da injin wanki, wata firjinta na yin ƙanƙara kuma da siririn bututu a bayansa, wata famfo ne a ɗan kicin na waje. Amma ido nawa ne ba na takarda ba.

Yanzu kafin in taɓa komai sai na zagaya motar da ƙafa na buɗe kowace ƙofa komai ƙanƙantarta, ina ƙirga duk inda ruwa zai iya fita ina rubuta adadin a bayan hannuna da biro, in na gama sai lissafin ya cika. Yaran da ake kawo min su koyi aiki suna min dariya kan biron nan, ban damu ba. Ina kuma liƙa ɗan salatif a kan makunnin hita da rubutu cewa tankin babu ruwa, dan in mai mota ya kunna ta da lantarki a bushe ƙarfen ciki yana ƙonewa nan take, wannan kusan duk shekara sai mun gani.

Dattawan sun dawo a Oktoban da ya biyo baya, na ɗauka wani za su ce ya yi musu. Matar ta miƙo min makullan, ta ware ƙaramin na 'yar ƙofar daban ta ɗaura masa jan zare.