Tsagar da ke kan dala biyar ta 1958

A cikin akwatin marigayi mahaifina a Garwa na sami dala biyar ta shekarar 1958, wato sefa 25, mai launin ruwan zinariya, ɗauke da kawunan namun daji uku masu murɗaɗɗun ƙaho, irin waɗanda har yanzu ake samu a gandun dajin Buba Njida. Na daɗe ina ajiye da ita ban lura da komai ba, sai wata safiya da na karkata ta a bakin taga, hasken hantsi ya bugo ta gefe, na ga wani siririn layi kamar gashi ya taso daga kan ƙaho ɗaya ya nufi bakin kuɗin.

Da farko na ɗauka karcewa ce, domin kuɗin da ya shekara da shekaru yana yawo tsakanin aljihu da tasar mai ƙosai ba ya rasa tabo. Amma da na sa gilashin ƙara girma, sai na ga layin tudu ne, bai nutsa cikin ƙarfen ba, kuma a nan bambancin yake. Karcewa rami take yi. Idan kuwa hatimin ƙarfen da ake buga kuɗi da shi ya gaji har ya tsage, ƙarfen kuɗin yakan kutsa cikin tsagar a lokacin bugu, ya fito da tudu, kuma duk kuɗin da aka buga da wannan hatimi daga ranar zai fito da layin a wuri guda. Ke nan aibin nan daga ma'aikatar buga kuɗi ta Paris ya taho, tun kafin hannun wani ɗan Kamaru ya taɓa shi.

Akwai kuma karkacewar hatimi, wadda ake ganewa idan an juya kuɗin daga sama zuwa ƙasa aka ga bayansa bai tsaya daidai ba, da harafin da ya fito dishi-dishi saboda maiƙo ya toshe gurbinsa. Waɗannan ba su cika ɗaukar hankalina kamar tsaga ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanki. Ina yaro na goge wata tsohuwar dala da toka da lemun tsami don ta yi ƙyalli, na shafe 'yar alamar mujiya, wadda ita ce shaidar Raymond Joly, babban mai sassaƙa hatimi na ma'aikatar daga 1958 zuwa 1974. Shi ya sa da wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwa ya ɗauko tsumma zai goge mini kuɗin da na taya, na yi maza na ce, "Baba, don Allah a bar mini shi da dattinsa." Dala biyar ɗin mahaifina kuwa tana cikin 'yar takarda, kuma ta gefe kawai nake riƙe ta.