Layin nan da ka ga kamar shirme ne, kar ka taba shi

Ina rike da wani dan laburaren boye sakonni, wato tarin kod da sauran manhajoji ke dauka su yi aiki da shi, an rubuta shi da yaren kwamfuta na C, kod dinsa a bude yake kowa na iya gani ya gyara, kuma wlh gyaran da ya fi ba ni tsoro shi ne na mai zuwa "share datti".

Wani kanina dalibi a nan Katsina ya turo min gyara ta GitHub, shafin da ake ajiye kod, ya cire layukan da muke kwatanta tambarin sako, lambar da ke nuna sakon ba na bogi ba ne, ya sa memcmp kawai, umarnin C da ke kwatanta abu biyu. Da muka hadu wajen mai shayi a Kofar Kaura sai murna yake, wai Yaya ai ya fi sauri yanzu. Na ce kwarai ya fi sauri, matsalar ke nan ma. Shi memcmp da zarar ya ga inda aka saba sai ya tsaya, to barawo ba sai ya san makulli ba, agogo kawai zai rike ya dinga turo tambarin bogi yana auna wanne ya dan fi dadewa kafin a kore shi, a haka zai tsinto na gaskiyan kadan kadan. Namu kod din dole ya bi baiti 32 na tambarin kaf, wato guntayen da suka hada shi, ko da tun a na farko aka fadi.

Shi kansa kwamfaila, manhajar da ke juya kod zuwa yaren inji, ba a ba shi amana. Ka sa umarnin memset ka goge makulli daga memori, sai ya ga ai babu mai sake karanta wurin, ya cire gogewar shiru ba sallama. Shi ya sa laburaren libsodium ke da sodium_memzero, manhajar OpenBSD kuma explicit_bzero, umarnin gogewa da kwamfaila ba ya cirewa. Dole ka bude asambulin da kwamfaila ya fitar, wato kod din a yaren inji, ka bi da ido, na firosesan x86 daban na ARM daban tunda wayoyinmu ARM ne, ga wuta sai tsakar dare ake kawowa.

Kuma fa manya ma abin ya ci su. A 2006 Debian, masu hada manhajar Linux, suka cire layi biyu daga OpenSSL, babban laburaren boye sakonni, saboda Valgrind, manhajar gano kurakurai, na korafi a kansu, ashe ta nan ake zuba abin da ke sa makulli ya zama ba a iya cinkarsa. Sai 2008 aka farga, duk tsawon lokacin makullan da injinan ke fitarwa ba su wuce kusan 32,767 ba a kowane nau'i. Heartbleed na 2014 kuwa, wani kuskuren ne a OpenSSL din, tsayin sako ne ba a duba ba, sabar ta dinga aman memori har 64KB ga duk wanda ya tambaya, alhali gudummawar da OpenSSL ke samu lokacin wajen dala 2,000 ce a shekara, bankuna da manyan kamfanoni duk a kansa suke zaune.

Gyaran yaron dai ban karba ba, amma na ba shi aikin rubuta bayani a saman duk layin da ya yi masa kama da shirme. Ya fara turowa, a wasu wuraren bayanin ya fi kod din tsawo.