Yadda na koyi kallon zane

Ni tela ne, shagona yana wajen Wadata a nan Yamai, kuma da can in aka yi min maganar zane sai in ce ai waya ma tana ɗaukar hoto, mene ne na kwana goma mutum yana shafa fenti a kan fuskar da kamara za ta fitar cikin ƙiftawar ido. Haka nake har wani abokina da muka yi lakwal tare a Tawa ya ja ni wani baje kolin zane-zane, ya ce in an gama kallo za a yi gwanjonsu.

Akwai wani zane na dattijo da farar riga da rawani yana zuba shayi, shi ya riƙe ni. Na matsa kusa sosai har ina jin warin fentin, ban ga komai ba sai tabo-tabo, nan shuɗi nan ruwan ƙasa nan toka-toka, wallahi kamar an goge buroshi ne kawai. Da na ja baya taku uku sai ga riga ta tashi, kuma shadda ce, ni da nake yankanta kullum na san yadda take karyewa a gwiwar hannu in an buga ta, ba ta kwanciya kamar atamfa, to mai zanen nan ya san haka. Abin da ya fi ɗaure min kai, rigar da idona ke cewa fara ce fat, farin fenti a cikinta kaɗan ne, a kafaɗa kawai inda rana ta sauka. Inuwar ma ba baƙa ba ce.

Aka fara gwanjo, mai kira yana faɗin kuɗi ana ɗaga hannu, daga jika 50 sai ga shi ya wuce abin da nake samu a ɗinkin sallah gaba ɗaya. Wani baƙo ne ya saye, kuma raina ya sosu don na san dattijon nan jirgi zai hau. A hanya abokina ya nuna min wani zane a waya, Tutu, na Ben Enwonwu ɗan Najeriya, ya zana shi a 1974, ya ɓace shekara da shekaru sai aka tsince shi a wani gida a arewacin Landan, a 2018 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da shi sama da fam miliyan 1. Fuskar mace ce kawai ta ɗan juyo da ɗankwalinta.

Tun daga ranar bangon gari ya daina wuce ni. Kawunan da ake zanawa a ƙofar masu aski, ragon da ke jikin rumfar mai nama, 'yan kokowa, raƙuman dawa irin na Kure. Wasu aikin gaggawa ne, hannu kamar cokali, amma wasu kam sai ka tsaya. Na san akwai maganar malamai kan zanen mai rai, wannan na bar musu, ni dai abin da idona ya gani nake faɗi.

Wata rana da la'asar na tarar da wani dattijo kan tsani yana zana mace ɗauke da tulu a bangon wata lakwal, fentinsa a gwangwanayen tumatir, ya ja layuka da alli murabba'i-murabba'i don kar jiki ya fi kai. Na ce Baba sannu da aiki, ya ce yawwa ɗana, riƙe min tsanin nan. Na riƙe har magariba ta kusa. Na tambaye shi ina ne ya fi wuya, na ɗauka zai ce fuska, sai ya ce yatsu, in kana son sanin mai zane dubi hannuwan da ya yi, malalaci ɓoye su yake a bayan zane ko cikin aljihu. Ido kuwa ya bar shi ƙarshe, ya ɗauki tsinke ya ɗiga fari ɗigo ɗaya a kowane, matar nan ta dube ni, tsigar jikina ta tashi. Na ce Baba damina biyu da hazo za su cinye wannan fa, ya ce in sun cinye a sake kirana.

Sati na gaba na kai masa ɗan hoton katin marigayi mahaifina, shi kaɗai gare mu, na ce ya zana min babba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce hoton bai isa ba, in kawo masa rigar da yake sawa ranar Juma'a in har tana nan, kuma in zauna in ba shi labarin yadda yake zama. Rigar tana wajen Inna a Tawa, na riga na buga mata waya ta ba direba.