Bayan an watse daga arba'in

Garwa, arewacin Kamaru, daren Talata, cikin Afrilu

Sai yanzu yaran suka kwanta duka na samu na riƙe waya. Idanuna yaji suke yi, amma in ban rubuta ba abin zai kwana a ƙirjina.

Jiya tun bayan isha'i aka ɗauke wuta. Haka muke fama duk bazara idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, tunda daga can wutar garin take zuwa. Fanka ta tsaya, ɗaki ya koma tanderu, muka kwaso tabarma zuwa tsakar gida na ɗaura gidan sauro a igiyar shanya. Ƙurajen zafi sun feso wa jaririyar a wuya da bayan kunne, ta ƙi kwanciya sai a kafaɗa. Ina jijjiga ta da hannu ɗaya, ina yi wa Abba fifita da ɗayan, har ladan ya kira assalatu. Ban san ko na runtsa ba.

Da safe famfo ko ɗigo babu. Na tsaya ƙofar gida jiran mai kura, na dama kunu, na shirya Ummi makaranta, takalminta ɗaya ya ɓace sai a bayan randa aka gan shi. Yau kuma ranar rigakafin jaririyar ce, allurar mako 14. Na goya ta, na riƙe hannun Abba, muka hau babur zuwa asibiti. Layin ya kai har gindin dalbejiya. Na dubi matan da ke zaune a benci, kowacce da katin awo a hannu, da yawa suna gyangyaɗi da yaro a cinya. Muka gaisa, kowa ta ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ni ma haka na ce.

Malamar asibitin ta sake jaddada mana: nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba su, domin ruwan da jariri yake buƙata yana cikin nonon, kuma ruwan randa ne yake kawo musu gudawa. Na yarda da ita. Amma ina dawowa gida na tarar Hajiya, uwar maigida, ta zo duba jikokinta. Da ta ji kukan yarinyar sai ta ce, "Ke 'yar nan, a wannan zafin ki hana baiwar Allah ruwa? Mu da muka haifi iyayensu da me muka raine su?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ce ta hana." Ta yi shiru, ta kawar da kai. Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, ita ma ta binne 'ya'ya a zamanin da babu ko allurar, shi ya sa ba ta iya jin kukan jariri ta zauna. Duk da haka na shiga ɗaki da nauyi a zuciya, domin nonon zallar nan daga jikina yake fita, dare da rana, kuma ba wanda ya tambaye ni ko na karya kumallo.

Abin da yake damuna ke nan. Lokacin jego gidan nan cike yake. Innata ta zo daga Gidar ta zauna, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, maƙwabta suna shigowa da tuwo, ko tsintsiya ba a bari in taɓa. Ana yin arba'in kowa ya kama gabansa, kamar gajiyar ma an sallame ta. Hatta takardar nan ta shek sante da na saya sefa 6,000 ina da ciki, wadda ta ɗauke mana kuɗin awo da haihuwa, kwana 42 bayan haihuwa take ƙarewa. Alhali wahalar ta gaskiya sai daga baya take kankama, lokacin da barcin da ake bin ki ya taru, ga yaye bai daɗe ba, ga 'yar makaranta. Idan kika buɗe baki kika ce kin gaji, amsar a shirye take: "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Wallahi ina godiya. Ko da me za a ba ni ba zan musanya ɗayansu ba. Amma mai godiya ma tana buƙatar barci, kuma faɗin haka ba butulci ba ne.

Baban Ummi ya kira da azahar daga Kusiri, yana layin manyan motoci zai tsallaka gada zuwa Njamena da kayan da ya ɗauko daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere. Muryarsa ta dushe, shi ma kwanan zaune ya yi. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko an kawo buhun masara. Kafin a zo kaina layin ya katse.

Dada ce ta cece ni, tsohuwar Bafulatanar da katanga ta raba mu. Ta leƙo aron turmi, ta tsaya tana kallona, ba ta ce komai a kan haƙuri ba. Ta kwance yarinyar daga bayana, allurar ta sa jikinta ya yi ɗumi tana ta ƙananan koke-koke, ta goya ta da nata zanen, ta ja hannun Abba ta ce, "Shiga ki rufe ƙofa. In ta nemi nono ni zan kawo miki ita." Na kwanta a siminti ko matashi ban ɗauka ba. Da na farka rana ta yi sanyi, Ummi ta dawo har ta ci abinci a gidan Dada, an wanke mata ƙafa. Na zauna bakin gado na yi kuka sosai, sannan na tashi na yi la'asar na ɗora miyar yakuwa.

Ranar Juma'a Baban Ummi zai dawo in Allah ya yarda. Zan bari ya huta ya ci abinci, sannan in gaya masa ina so ƙanwata ta zo daga Gidar ta zauna da mu har damina ta sauka. Kuɗin motarta ina da shi a adashi, zan karɓi kwasata ƙarshen wata.